Idan bis ɗin mikron jita ya ƙi kamawa: yadda ake gyaran ramin da tsinke da kol

A makon jiya wani saurayi daga wani ƙauye na karkarar Gazawa ya aiko mana da saƙon murya, ransa a ɓace. Shi ne mai kaɗa jita a wata ƴar ƙungiyar samari da ke wasa wurin bukukuwan aure. Yayansa da ke aiki a Libiya ya aiko masa da sabon mikro na jita, ya cire tsohon ya saka sabon, sai bis guda biyu suka ƙi kamawa. Yana murzawa suna juyawa, kamar an soka tsinke cikin tuwo. Ga shi sun riga sun karɓi kafin alƙalami na wani biki. Tambayarsa ita ce, ya samo bis mai kauri ya danna, ko kuwa ya zuba kol ɗin nan mai kamawa nan take?

Mun ce masa kada ya yi ko ɗaya daga cikin biyun. Da muka ga abin ba shi kaɗai ya shafa ba, sai muka ce bari mu rubuta bayanin a nan, don masu jita na Agye da Cadawa da Gazawa da Gangara, da na Gidan Rumji da Tibiri da Cadakori, da kuma ƴan uwa na waje da ke sayen kayan suna aikowa gida.

Mun san jita ba ita ce sarauniyar kiɗa a ƙasarmu ta Katsina da Gobir ba. Kalangu da gurmi da goge sun riga ta, piyano kuma ya cika wuraren biki. To amma tana nan, a hannun samari masu wasan aure, da mawaƙan majami'u, da yaran da suka taso suna jin kiɗan Agadas a salula. Kuma mai jita a nan ba shi da shagon da zai kai ta idan ta lalace, sai dai ya haɗa kafinta da mai gyaran rediyo, shi kuma ya tsaya a kansu. Ba abin kunya ba ne. Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa da yanzu ke zagaya Turai da Amurka da jitarsa, da hannunsa ya ƙera ta farko, wayar birkin keke ce tsirkiyarta.

Da farko dai mu san abin da ake ƙoƙarin ɗaurewa. Abin da makaɗanmu ke kira mikro, wanda ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi, ba irin makirufon da ake magana a ciki ba ne. Mayen ƙarfe ne, wato maganaɗisu, aka naɗe shi da wayar jan ƙarfe wadda sirantarta ta kai ta gashin kai. A irin na Stratocaster, jitar da kamfanin Fender ya fitar a 1954 wadda kusan duk masu arahar da ke kasuwanninmu suka kwaikwaya, naɗin yakan kai zagaye 8,000. Idan tsirkiyar ƙarfe ta kaɗa a kan mayen, sai wata ƴar wuta ta taso cikin wayar, ita ce ampili ke ƙara wa ƙarfi har ta fito a lasifika. Akwai kuma mai tagwayen naɗi, wanda Seth Lover ya ƙirƙiro wa kamfanin Gibson aka fara saka shi a jitocinsu a 1957, don ya kashe gurnanin nan da wutar lantarki ke jawowa. A kwalinsa za a ga an rubuta humbucker.

Abu biyu ke fitowa daga wannan bayani. Tazarar da ke tsakanin mikro da tsirkiya ita ce murya, kuma bis ne ke riƙe da tazarar. Sannan wayar da ke ciki ba ta jure wasa. Mikron da ke rawa a gurbinsa yakan sa lasifika ta yi ta ihu idan an ƙara murya, yakan karkace har tsirkiya ta riƙa dukansa, kuma girgizar yau da gobe tana iya tsinke wayar da ta fito daga gindinsa. Idan ta tsinke daga cikin naɗin, shi ke nan, kuɗin yaya sun tafi.

To me ke sa bis ya saki? Galibi ba laifin bis ɗin ba ne, katakon da ke kewaye da shi ne ya mutu. Kowane manomi ya san wannan a jikin ƙota. Da rani ruwan hauya ko na gatari yakan yi sako-sako, damina na sauka ya koma ya kama gam. Ƙofar katako ma haka take, a watan Agusta sai an sa kafaɗa, a watan Maris iska ma buɗe ta take yi. Masu ƙera jita suna son a ajiye ta inda laimar iska ke tsakanin kashi 45 zuwa 55 cikin 100. Mu kuwa da hunturu da bazara laimar kan sauka ƙasa da kashi 20, tsakiyar damina ta haura 70. Katako ya kumbura ya matse bis, ya bushe ya ja baya, shekara biyu, shekara uku, ƴan haƙoran da bis ya yanka a cikinsa sai su murmushe su zama gari. Ƙara da cewa jitoci masu araha da katako mai taushi ake yin su, wasu ma falange ne aka liƙa aka shafe da fenti. Ƙara da tafiyar kabu-kabu kan hanyar burji, jita a bayan yaro ba jaka. Sai kuma hannunmu: mun saba da ɗaure notin babur, sai mu kawo wannan ƙarfin kan bis ɗin da bai kai tsinken tsintsiya kauri ba.

Tunda mun ambaci ƙota, ga gargaɗi. Manomi kan jiƙa ƙota cikin ruwa ta kama, to kada wani ya ɗiga ruwa cikin ramin jita da wannan tunanin. Zai kama na kwana ɗaya, ya bushe ya fi da lalacewa, bis ya yi tsatsa, fenti ya tashi.

Kafin a taɓa komai, a zare wayar jita daga ampili. Wannan ba maganar wasa ba ce. Tsirkiyoyin jitar lantarki a haɗe suke da jikin ampili ta wata waya da ke ƙarƙashin jaki, wato ƙarfen da tsirkiyoyi ke hawa a kansa kamar na goge. Wuraren bikinmu da gurup ake wasa, sau da yawa babu wayar ƙasa, idan ampili na da matsala wuta kan iya biyo tsirkiya ta kama mutum. Bayan haka a sassauta tsirkiyoyi ko a cire su, a shimfiɗa zane a kan tabarma ko tebur, a samo ɗan kwano na zuba bis. Wanda ya taɓa neman bis ɗin jita cikin rairayi ya san dalilin kwanon. A ɗauki hoton wayoyin da salula kafin a kwance ko ɗaya. A kuma rufe fuskar mikro da sikoc na takarda, saboda mayen yana fizgar turnabis, kuma bakin turnabis in ya zame ya faɗa cikin naɗi, sau ɗaya ya isa. Garin ƙarfe ma haka yake binsa ya manne, don haka ba a wannan aiki kusa da inda ake walda ko goge ƙarfe.

Sai a duba a ga wane irin bis ne ya saki, don iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba. Akwai mai tsini, mai shiga katako: shi ke riƙe farantin robar da ke fuskar jita (a Stratocaster ta zamani guda 11 ne), shi ke riƙe zoben roba mai bis 4 da ke kewaye da mikro mai tagwayen naɗi, a wasu jitocin kuma, musamman bas, shi ke ratsa mikron kansa ya shiga katako kai tsaye da soso a ƙarƙashi. Akwai kuma marar tsini, mai ƙananan haƙora irin na noti, wanda ke ratsa sifirin, wato rasor, ya shiga ƙafar mikro. Shi ne na ɗagawa da saukewa.

Mu fara da na katako, don shi ya fi yawa, kuma shi ne ya sami saurayin Gazawa. Maganin shi ne a mayar wa ramin katakon da ya rasa. A cire bis, a kifa jitar a buga bayanta a hankali garin ya zubo. A samo tsinken sakace na kanti, a samo farin kol na kafinta, wanda ake haɗa kujeru da shi. A tsoma tsinken cikin kol, a tura shi ramin har ya taɓa ƙasa, in da sauran wuri a ƙara na biyu ko rabinsa. Ramin ya cika, amma ba a buga shi da guduma, katakon gefen rami siriri ne, yana iya tsagewa. Kol ɗin da ya fito a share shi nan take da tsumma mai ɗan danshi. Idan ya bushe sai a yanke abin da ya yi sama da reza, daidai da fuskar katako, ana kwantar da rezar don kada ta kankare fenti.

Tsinken ashana ma yana yi idan an cire kansa, sai dai itacensa taushi gare shi, ba ya daɗewa. Mu abin da muka fi so shi ne a je wurin masassaƙi a roƙi ɗan ɓallin aduwa busasshe, itacen da ake sassaƙa allo da ƙota da shi, a fere shi da wuƙa ya yi siriri daidai ramin. Ya fi tsinken kanti ƙarfi nesa ba kusa ba. Sharaɗin kawai ya zama busasshe ƙaƙas. Ɗanyen ice zai ja baya idan ya bushe, a dawo inda aka fito.

Yaushe za a mayar da bis? Farin kol yakan kama cikin awa guda, amma sai ya kwana ya wuni yake kai ƙarfinsa. In da hali a bar shi awa 24. In kuma bikin na daren yau ne, a murza bis ɗin tun kol na ɗanye, zai tura tsinken ya manne da bangon rami, kuma farin kol ba ya riƙe ƙarfe sosai, don haka gobe in ana son cirewa zai fito. Mun ga wanda ya yi da tsinke kawai ba kol, a bayan fage, mintoci kaɗan kafin a fara wasa, kuma ya kai shi safe. Amma wannan na fita kunya ne, washegari a sake shi yadda ya kamata.

Idan kol ya bushe, ba a tura bis kai tsaye cikin itacen da aka cusa, musamman aduwa. Sai an yi masa ƴar hanya. A ɗora faranti ko zoben a gurbinsa, a sa alama a tsakiyar ramin, a huda da bakin huda siriri na milimita 1.5, ko 2 ga bis ɗin faranti mai ɗan kauri. Wanda ba shi da na'urar huda ya yi da basilla irin ta dukawa, ko wayar ƙafar keke da aka wasa bakinta. A naɗa sikoc a jikin abin hudar daidai tsawon bis, don a san inda za a tsaya. Sannan a goga haƙoran bis a jikin kyandir. Wasu na sa sabulu, mu dai ba mu so, yana jawo danshi da tsatsa.

Ga wata dabara da za ta hana rami sake mutuwa, kuma ta shafi kowane bis na jita, ko lafiyayye ne. Idan za a mayar da bis cikin tsohon raminsa, a fara juya shi baya, kamar za a kwance, a hankali, har a ji ya ɗan faɗa. Wannan faɗawar ita ce ya sami tsohuwar hanyarsa. Daga nan sai a juya gaba. Wanda ya murza kai tsaye, sabuwar hanya yake yankawa a kan tsohuwa, sau uku sau huɗu ramin ya zama gari. Kuma da yatsa biyu ko uku ake riƙe turnabis ɗin, kan bis na taɓa roba a tsaya. Turnabis ya zama daidai bakin bis, ba wuƙar kicin ba.

Idan ramin ya yi faɗi ƙwarai, ko an taɓa danna masa ƙusa, ko sabon mikron raminsa ya kauce wa tsohon da kaɗan har suna neman haɗewa, tsinke ba zai yi ba. Nan aikin kafinta ne. Zai faɗaɗa ramin da bakin huda na milimita 5 ko 6, ya fere turke na itace mai ƙarfi daidai da shi, ya sa kol ya cusa, a kwana, ya yanke ya daidaita, sannan a huda sabon rami inda ake so. A tsaya a kansa lokacin hudar. Jikin Stratocaster kaurinsa wajen milimita 45 ne, amma ƙarƙashin gurbin mikro an rarake bayan jitar don sifirin ɗin jaki, katakon da ya rage a wurin kaɗan ne.

Wannan ne ma dalilin da ya sa muka hana saurayin sa bis mai tsawo ko mai kauri. Mai tsawo yana iya ɓullowa ta baya ko ya soki waya. Mai kauri yana fasa zoben roba, kansa ya tsaya sama yana kama hannu da tsirkiya, in kuma shi ma ya saki bayan shekara, an bar ka da rami babba. Kol mai kamawa nan take kuwa, idan aka zuba shi da bis a ciki, ranar da za a cire kan bis ne zai cinye ko ya karye a bar guntunsa cikin katako. Ga shi ruwa-ruwa ne, yana gangarawa ya ɓata fenti, in ya shiga naɗi ba mai fitar da shi. Amfaninsa ɗaya ne: a rami marar bis, ɗigo guda a bakin tsinke a shafa a bangon rami, a bari ya bushe sarai, yana ƙarfafa katako mai taushi.

Sai na biyun, bis ɗin ɗagawa da saukewa. A nan yawanci ba tsufa ke kashe shi ba, rashin dacewa ne, kuma wannan ɓangaren ƴan uwanmu na waje ya fi shafa. Mikron da aka ƙera a Amurka haƙoran bis ɗinsa da ma'aunin inci aka yanka su. Na Sin da Indonesiya da Koriya da ma'aunin milimita, galibi mai lamba M3. A ido kusan ɗaya suke. Sai mutum ya ɗauki tsohon bis na jitarsa ƴar Sin ya tura a ƙafar sabon mikro, ya shiga zagaye biyu ya cije, shi kuma ya ƙara ƙarfi. Ƙafar falle ce ta ƙarfe siririya, haƙora biyu ko uku ne kacal a ciki, nan take suke cinyewa. Ƙa'idar ita ce bis ɗin da ya dace da yatsa yake shiga. Da zarar ya nemi ƙarfi, a tsaya, ba nasa ba ne.

In an riga an cinye ta, akwai gyara. A sami ƙaramin noti da ya dace da bis ɗin, irin wanda ake samu cikin matattun rediyo, mai gyaran rediyo ya liƙa shi da dalma a ƙarƙashin ƙafar, bis na ciki don ya zauna daidai. Ya yi sauri da ƙarfen, don naɗin a jiƙe yake da kakin da ke hana shi rawa, zafi na narkar da shi. Idan gindin mikron roba ne, noti a ƙasa da ɗan kol ya wadatar. A duba sifirin ɗin ma. Wani lokaci bis lafiya lau yake, sifirin ne ya gaji ya daina turawa. Na cikin biro yakan yi laushi, gara guntun tiyo na roba siriri a yanka shi ya ɗan fi tazarar tsawo, dama jitocin Fender na farko da tiyon roba aka yi su. Inda soso ne a ƙasa kuma ya lotse, a sake wani mai tauri.

Tunda an je wurin mai rediyo, ya auna mikron da mitarsa kafin a rufe. Mai naɗi guda yakan nuna wajen om 6,000, mai tagwaye daga wajen 8,000 zuwa sama. In mitar ba ta nuna komai ba, waya ta tsinke, ba sai an wahala da bis ba.

Bayan an ɗaure an mayar da tsirkiyoyi an daidaita muryarsu, saura tazara. A danne tsirkiya a kan ƙarfen ƙarshe na wuyan jita, a auna daga kan mikro zuwa ƙasan tsirkiya da abin awon ɗan lakwal. Ta ɓangaren tsirkiya mai kauri milimita 2 zuwa 2.5, ta ɓangaren siririya 1.5 zuwa 2. Daga nan kunne ne alƙali, rabin zagaye sama, rabin zagaye ƙasa. Samarinmu na son ɗaga shi har ya kusa taɓa tsirkiya don a fi jinsu a kan piyano, amma in ya matso da yawa mayen na jan tsirkiyar, murya ta riƙa rawa, a yi ta ɗaurin jita ta ƙi zama.

Ga ƴan uwa da ke Libiya da Aljeriya da Abijan da Legas da Faransa: idan ƙane ya ce a sayo masa mikro, ku ce ya turo hoton jitar ta WhatsApp, gaba da baya, da abin awo a ɗore kan tsohon mikron. Mai naɗi guda faɗinsa wajen milimita 18 ne, mai tagwaye wajen 38, ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya sai an sassaƙe jita ko an sake faranti. Kuma ƴar ledar nan da ke cikin kwali, mai bis da sifirin, kada a jefar da ita don rage kaya. A liƙe ta da sikoc a jikin mikron. In mai shago zai ba da ƙarin bis biyu ko huɗu na irinsa, a karɓa, domin M3 a iya samun sa a kasuwar Maraɗi ko cikin tsohuwar rediyo, amma mai haƙoran inci na mikron Amurka, sai a zagaye shaguna har Katsina ba a dace ba.

Saurayin Gazawa ya sake kiranmu shekaranjiya. Tsinke biyu da kol na wani kafinta maƙwabcinsu suka yi masa aikin, ya bar ta ta kwana. Ya ce da ya duba sauran bis ɗin farantin, ya sami uku da su ma ke juyawa a banza, sai bayan bikin zai bi su ɗaya bayan ɗaya.